Kafin ka sayi na'urar duba hantsar saniya

A Tulaku, kasuwar shanu ta Ashaiman, wani dattijo mai shanun tatsa goma sha biyu ya tare ni: "Malam, na'urar nan mai nuna gudun jini a hantsa, in saya?" Na ce, Alhaji, dakata tukuna.

Na'urar da yake nufi, wato Doppler, ba ta banza ba ce. Kafin saniya ta ba da lita ɗaya ta madara, sai jini kusan lita 500 ya ratsa hantsarta. Leƙa ƙasan cikin mai tatsa, za ka ga wata jijiya mai kauri ta taso daga hantsa tana lanƙwasa ta nufi ƙirji. A kanta ake ɗora bakin na'urar, allo ya nuna ja da shuɗi, wato jinin da ke nufo na'urar da wanda ke barinta. Kumburin ciwon hantsa yana ƙara gudun jinin. Sai dai lafiyayyar saniya mai yawan madara ita ma nata gudun yana da ƙarfi, don haka sai ƙwararren likitan dabbobi ne zai bambance. Ga tsada, kuma ba za ta faɗa maka wace ƙwayar cuta ce ta shiga ba.

Na'urar hoton cikin jiki ta baƙi-da-fari, wadda ba ta nuna gudun jini, ta fi sauƙin kuɗi. Tana nuna ƙurji da toshewar kan nono, tana kuma gano ciki tun wajen kwana 30 bayan barbara. In ita za ka saya, nemi mai batir saboda ɗaukewar wuta, ka kuma tambayi wanda zai gyara ta a nan Gana.

Wadda nake so kowane garke ya mallaka ita ce farantin gwajin CMT, wato gwajin gano ciwon hantsa a madara, mai gurbi huɗu, kowane nono da nasa. Ka zubar da tatsar farko, ka tatsi kaɗan a kowane gurbi, ka zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, ka juya a hankali. In ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, akwai ciwo a wannan nonon, ko da hantsar ba ta kumbura ba. Irin wannan ɓoyayyen ciwon ne ke rage madara shiru-shiru, har mai wagashi a Nima ta fara ƙorafi.

Na shawarci Alhaji ya sayi farantin da ruwansa, ya riƙa gwada shanun duk wata. Wadda ta nuna yauƙi, ya kira likita ya ɗebi madararta a kai ɗakin gwaji.