Faifan farko na Bauhaus: wane bugu ya cancanci kuɗinka?

Idan ana maganar tushen kiɗan gotik rok (wani salon kiɗan rok na Turawa mai yanayin duhu da alhini), kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar mawaƙa ta Bauhaus, In the Flat Field, yana cikin waɗanda ake fara ambata. Samari huɗu ne daga Northampton a Ingila: Peter Murphy, Daniel Ash, David J da Kevin Haskins. Kamfanin 4AD ya fitar da shi a Nuwamban 1980, kuma shi ne cikakken kundi na farko da kamfanin ya saki. Masu sharhi a jaridu sun yi masa kaca-kaca a lokacin, amma ya hau matakin farko a jerin faifan kamfanoni masu zaman kansu.

In da hali, nemi faifan garmaho na asali, mai lamba CAD 13. Waƙa tara ce a ciki, daga "Double Dare" zuwa "Nerves", a jere yadda masu shi suka tsara. Ƙarar jitar Ash mai kaifi kamar ana goga ƙarfe, da gangar Haskins mai bushewar sauti, a nan suke fita da nauyinsu. Ka saurari "Nerves" kafin ka biya. Tana kusa da tsakiyar faifai, inda tsohuwar allura ta fi cin layi, to in murya tana karkarwa a wurin, faifan ya gaji.

CD na 1988 ya cusa waƙar "Dark Entries" a gaba, ya ɓata tsarin. Bugun Omnibus na 2009 mai faifan CD biyu ya dace da mai son tarkacen da aka bari a ɗakin ɗaukar sauti. Sauraro ta intanet kuwa, ɗanɗano ne kawai.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Duk wanda ya ce maka akwai "Bela Lugosi's Dead" a faifan asali, ƙarya yake yi ko bai sani ba. Wannan waƙar kamfanin Small Wonder ya fitar da ita ita kaɗai a 1979. Juya bayan kwalin: in ka ga lambar nan mai layi-layi ta kanti, sabon bugu ne, kada a sayar maka a kuɗin tsoho. Dubi hoton gaban kwalin, wanda Duane Michals ya ɗauka, jabu yakan fito da shi dishi-dishi saboda daga wani kwali aka kwafo. Sannan karkata faifan a haske ka karanta rubutun da aka zana kusa da takardar tsakiya, ka gwada da na Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faifai. Wasu kan saka sabon faifai cikin tsohon kwali. Mai sayarwa da ya ƙi turo hoton wannan rubutu, rabu da shi. Ka kuma sa a ciro faifan daga kwali kafin a naɗe, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya, kuma kada kunshin ya yini a rana, zafi na lanƙwasa shi.