Teburin Baba mai shayi, da katin zaɓen da ke cikin gwangwani

Masu shayi uku ne a garinmu, kuma duka ukun na sha nasu har na san hannun kowa. Wanda zan ba ku labarinsa shi ne na gindin darbejiya, daura da masallacin bakin titi, in ka taso daga Ringim kafin ka kai Gujungu. Ba allo, ba rubutu, yara da manya Baba mai shayi suke ce masa. Ina koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke gabas da mu, don haka kusan kullum bayan asuba a nan nake kafe mashin ɗina in karya kafin in kama hanya. Bana shekara takwas ke nan.

Bari in fara da ruwan bunu, don a nan ake gane mai shayi. Na Baba a kan gawayi yake dahuwa, kuma ba ya ƙara ruwa a kan ganyen jiya. Citta da kanumfari da ɗan masoro yake dakawa da kansa a wani ƙaramin turmi da ke ƙarƙashin tebur, na'a-na'a kuma wani yaro ke kawo masa daga fadama. Ran da ake muku-mukun sanyi, kana kurɓa kana jin ɗumin yana sauka har tafin ƙafa. Sai kuma shiƙa. Zai riƙe kofi biyu, ya ɗaga na dama har ya wuce hularsa, shayin ya zubo siriri kamar igiyar guga, ya mayar, ya sake, sau huɗu ko biyar, sannan ya dire maka da kumfa a kai, daidai yadda za ka sha ba ka ƙone baki ba. Ban taɓa ganin ɗigo ya faɗi a kan teburin ba.

In haɗin kauri kake so, a gabanka zai huda gwangwanin madara. Rabi ka biya, rabi zai zuba. A yanzu ruwan bunu naira 100 ne, mai madarar gari daga 300 zuwa sama, gwargwadon cokalin da ka ce a sa. Tsofaffin da aka hana shan siga ya san su ɗaya bayan ɗaya, ko sun ce a ƙara sai ya yi kamar bai ji ba. Wainar ƙwansa da man gyaɗan matan garin masu ƙuli-ƙuli yake soyawa, da albasa da attaruhu yankakku ƙanana, kuma ƙanshinta kaɗai ya isa ya tsayar da direba.

Akwai abin da ban so ba, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Biredi daga Ringim ake kawo masa, ba kullum ba, sai ka tarar da na kwana biyu ya bushe yana marmashewa a cikin kofi. Indomi da daddare ɗansa ke dafawa, ruwa yake cika mata. Babba a ciki shi ne wanke kofi: da a roba ɗaya ake tsoma su tun safe har hantsi. Da na yi magana ya ƙara roba ta biyu ta ɗauraya, amma ranar Lahadi, da ake cin kasuwar Gujungu, in direbobi da fatake suka cika wurin, yaran sukan koma gidan jiya.

Duk da haka ba shayin kaɗai ke kai mutane wurin ba. Sauran masu shayin biyu kowa an san inda ya dosa. Ɗaya fastar tsintsiya ce ta rufe rumfarsa, ɗayan ta lema, kuma da wuya ka ga ɗan wancan ɓangare ya zauna a wannan. Wurin Baba benci biyu ne, suna kallon juna, tebur a tsakani. Ba wanda ya tsara, amma 'yan APC sun saba da na hagu, 'yan PDP da na dama. A sha musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan wani ya miƙa wa wani ragowar biredinsa. Abin da ya sa hakan ya yiwu kowa ya sani: Baba ba ya zaɓe. Lokacin kamfen ɗin 2023 samari sun zo da fastoci da ɗan abin sayen goro daga kowane ɓangare, ya ce su kai gaba. Katin zaɓensa yana nan, a cikin tsohon gwangwanin Bournvita da yake zuba canji. Ni da idona na sha ganin sa in yana laluben naira hamsin.

Kuma ba mutum ne da bai san siyasa ba. Yana saurayi a 1979 ya dangwala wa mabuɗi, PRP ta Malam Aminu Kano, lokacin duk nan jihar Kano ce, shekarar da Abubakar Rimi ya zama gwamna. Abin da ya fi yawan ba mu labari shi ne zamanin jam'iyya biyu. A 1989 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasar da suka nema rajista, ta ƙirƙiro nata guda biyu, SDP mai doki da NRC mai gaggafa, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta ce kowa ya shiga ɗaya. Baba ya ce a ransa bai ga tasa a ciki ba, amma da babu gara ba daɗi, ya bi doki. An ƙirƙiri Jigawa a watan Agusta 1991, a ƙarshen shekarar ya bi layi a fili a zaɓen gwamnan da Ali Sa'ad Birnin Kudu ya ci, maƙwabcinka yana kallon layin da ka shiga. Ranar 12 ga Yuni 1993 ya bar gona ana tsaka da aikin damina ya je ya zaɓi Abiola, Bayarabe, a kan Bashir Tofa ɗan Kano. Ranar 23 ga watan aka soke zaɓen. Ya ce daga nan ya naɗe tabarmarsa. Sau ɗaya ya sake fitowa, a 2015, da duk gari ya ɗauka, har ya kwana a rumfar zaɓe ana a kasa, a tsare, a raka. Tun daga wannan shekarar katin ya shiga gwangwani.

Wanda ya fi takura masa a kan wannan shi ne limamin masallacin, sa'ansa ne kuma amininsa. Wata safiya kafin zaɓen 2023 ina zaune suka kafsa. Liman ya ce, "Mai shayi, ƙuri'a shaida ce, kuma Allah ya hana ɓoye shaida, ayar tana nan a ƙarshen Baƙara. In mutanen kirki suka zauna a gida, 'yan jagaliya ne za su zaɓa mana shugaba. Kuma malamai sun ce in cuta biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar mai sauƙi."

Baba yana goge kasko ya ce, "Allah gafarta Malam, ai shaida a kan abin da ka sani ake yin ta. In na dangwala wa mutum, na ce na yarda ya riƙe amanar talakawa, alhali zuciyata ba ta yarda ba, wannan ba ita ce shaidar zur ba? Mai sauƙin kuma da wane mudu zan auna shi? Wanda ke ƙarƙashin lema bara, bana tsintsiya ce a hannunsa. Na yi zaɓen tumun dare sau biyu, ya ishe ni."

Liman bai gamsu ba, Baba bai sauya ba, kuma har gobe Liman ba ya biyan kuɗin shayi a teburin.

Abin da ya sa ba zan iya kiran ƙin zaɓen Baba sakaci ba shi ne abin da na gani a wannan lokacin. Ana cikin wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai buhun riɗi a ɗaka ba shi da na sayen koko. Baba ya buɗe littafin bashi, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in, ya cika shi ya sayi wani. Bai tambayi kowa bencin da yake zama ba. Ranar 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen shugaban ƙasa, 'yan hidimar ƙasar da aka kawo aikin zaɓe sun kwana a ajin firamare a kan benci. Da asuba shi ne ya aika musu da buta cike da shayi da biredi, bai karɓi ko kwabo ba. Ina kan layi ina hango shi daga nesa a gindin darbejiya yana fifita gawayi.

Maganar ta sake tashi a watan Nuwamba 2024, ana tsakiyar kaka. Rediyon Baba da ke rataye a reshe yana ba da labarin zaɓen Amurka, inda jam'iyya biyu ce ke juya ƙasar, Dimokrat da Rifablikan, Kamala Harris da Donald Trump. Aka zo kan Musulmi da Larabawan jihar Michigan, waɗanda yaƙin Gaza ya sa suka rasa inda za su sa kansu: wasu suka zauna a gida, wasu suka ba Jill Stein ta wata ƙaramar jam'iyya, wasu suka koma wajen Trump don huce haushi. Baba ya tsaya da shiƙa, kofi a sama, ya ce, "Malam, ka ji ko? Ashe har can akwai irina."

Na ce, "Baba, akwai irinku, amma ku ji abin da suka yi tun farko." A watan Fabrairun shekarar, a zaɓen fid da gwani na Dimokrat a Michigan, mutum fiye da 100,000 sun fita sun bi layi don kawai su dangwala a gurbin da ke nufin ba su tsayar da kowa ba. An ƙirga su, an faɗi adadinsu a rediyon duniya, 'yan siyasa suka san da zamansu. A Indiya tun 2013 akwai maɓallin da za ka danna ka ce duk ba ka so. Wannan shi ne inda na rabu da Baba, kuma har yau ban sauka daga kai ba. Ƙin da aka ƙirga magana ce. Na Baba ba a ƙirga shi. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista a ƙasar nan, kusan miliyan 25 suka fito, wato kamar kashi 27 cikin ɗari, kuma wanda ya ci bai kai ƙuri'a miliyan 9 ba. A cikin miliyoyin da ba su fito ba akwai mara lafiya, akwai ɗan cirani da ke Legas katinsa yana Taura, akwai wanda barci ya ɗauke, akwai mai tsoron rigima, akwai Baba da dalilansa na shekara talatin. Duk a kwando ɗaya aka zuba su. Babu baturen zaɓen da zai tashi ya karanta dalilin Baba. Alhali jam'iyya 18 ce a takardar shugaban ƙasa a wannan shekara, kuma ko lalatacciyar ƙuri'a ana ƙirga ta a faɗa a gaban jama'a.

Abu na biyu ya fi ci mini rai, don ya shafi yaran da nake koyarwa. Iska ta yaye kwanon ajinmu damina biyu da suka wuce, har yau rabin ajin sararin sama ne, in hadari ya taso sai mu tashi yara. 'Yan siyasa akwati suke karantawa. Ƙauyen da ya fito da yawa, ko bai zaɓe su ba, suna lissafi da shi, don suna son sa gobe. Wanda bai fito ba, babu mai tsoronsa. A akwatinmu ratar da ke tsakanin masu neman majalisar jiha ba ta kai yawan mutanen da ke zama a bencin Baba da safe ba. Kuma na san samari uku da suka daina zuwa zaɓe suna cewa ai Baba ma ba ya yi. Su ba su bi layin 1993 ba, ba su cika littafin bashi don kowa ba, sun dai ɗauki zaman gidan sun bar sauran. Da na faɗa masa wannan ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan kam ka ɗaure ni, Malam. Ka turo mini su." Na tura su. Ban san me ya ce musu ba, amma ɗaya daga cikinsu ya zo yana tambayata yadda ake sauya rumfar zaɓe.

Ni zan ci gaba da bin layi, ko da ranar ba ni da gwani a sama sai na ƙasa. Amma ba zan zauna a inda ake ce wa dattijon nan mai laifi in yi shiru ba. Mutumin da ya ƙi sa yatsansa a kan abin da bai yarda da shi ba, ya kuma ƙi taliya da sabulu da atamfar kowa, ya fi mini wanda ya karɓa daga hagu da dama sannan ya dangwala wa wanda ya fi tsoka.

In hanya ta biyo da kai, ka zo tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai, lokacin tukunyar farko. Ka ce ruwan bunu da wainar ƙwai biyu, ka tambaya ko biredin na yau ne, zai gaya maka gaskiya. In Lahadi ce, ka taho da kofinka.