Kambas ɗin da na saya don tattakin Arba'in bai wuce ranar farko ba

Musamman don tattakin Arba'in, wato tafiyar ƙasa ta juyayin cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini (AS), daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi na sayi wannan kambas ɗin, kuma ranar da na gwada shi sai da na yaba. Ba nauyi ko kaɗan, samansa raga-raga, iska na shiga. Mai sayarwar ya ce min ba sai ƙafa ta saba da shi ba, daga kwali sai hanya. Ni kuma na yarda. Wannan gangancin nawa ne, ban musa ba.

Bayan sallar asuba muka bar haramin Imam Ali (AS). Tafiyar kusan kilomita 80 ce, da turakun fitilun kan titi ake ƙirga ta, kowanne da lambarsa har zuwa 1452, tsakaninsu kamar mita 50. Kafin ma ka ga turke na ɗaya sai ka sha tafiya a cikin garin Najaf. Niyyata in kwana a wajen turke na 500, in gama cikin kwana uku kamar yadda akasari ake yi.

Ina! Tun wajen turke na 150 na fara jin diddigen hagu na raɗaɗi. Na ce gajiya ce, na daure. Da rana ta take, zafin kwalta ya riƙa ratso ƙasan takalmin kai ka ce garwashi nake takawa. A turke na 230 dole na zauna na cire. Safa ta jiƙe da jini, ga bororo kamar ƙwallon dabino ya fashe. Ashe wani ɗinki ne a ciki, mai kauri, daidai diddige, shi ke ta gurzata tun safe.

A bakin wani maukibi abin ya faru, irin rumfunan nan da mutanen Iraƙi ke kafawa suna hidimar maziyarta kyauta. Wani dattijo, wallahi ya haife ni, ya durƙusa ya kama ƙafar. Na janye don kunya, ya riƙe gam yana cewa "ya zayir", wato ya kai maziyarci, ya wanke, ya shafa magani, ya manna filasta, jikansa kuma ya miƙo min shayi baƙi ƙirin, sukari har ƙasan kofi. Na zaro kuɗi, ya ɓata rai kamar na zage shi. Silifas ma ya ba ni, da shi na lallaɓa zuwa turke na 310 muka kwana. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Don kar in zalunci takalmin, ƙafar dama lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Har na so in ce ƙila ƙafa ɗaya ce aka samu kuskuren ɗinki, in ba shi tauraro uku. Sai na tuna shimfiɗar cikinsa ma, duka biyun, gumi ya ɓanɓare su suka nannaɗe tun kafin azahar. Da na tura wa mai sayarwar hoton diddigena kuwa, cewa ya yi wai ƙafata ce mai faɗi. Ƙafar da silifas ɗin roba ya kai ta Karbala!

Tauraro ɗaya na ba shi. A rataye jikin jakata ya ƙarasa tattakin.