Bencin Kakannin Harare: Sharhi a Kan Shirin Friendship Bench

A harabar ƙananan asibitocin unguwa na Harare, babban birnin Zimbabuwe, akan ajiye benci na katako a gefe, galibi a inuwar bishiya, inda wata dattijuwa ke zama tana jiran wadda ma'aikaciyar jinya za ta turo mata. Wannan shi ne shirin Friendship Bench, wato bencin abota, na taimaka wa masu ciwon damuwa ta hanyar zama a tattauna, wanda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara a shekarar 2006 a unguwar Mbare tare da kakanni 14. Shekara guda kafin nan gwamnati ta rushe matsugunan talakawa a wani aiki da ta kira Murambatsvina, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 ne suka rasa muhalli ko sana'a, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai ashirin ba. Kakannin da aka ɗauka tun asali ma'aikatan wayar da kai ne na sashen lafiya na birnin, kuma mazauna unguwannin da suke aiki a ciki.

Tsarin aikin ba shi da sarƙaƙiya, kuma ba a biyan ko sisi. Ana fara yi wa mutum tambayoyi 14 da harshen Shona game da makon da ya gabata: ko barci yana ƙaurace masa, ko yana fashewa da kuka, ko cikinsa na ciwo, ko ayyukan gida sun gagare shi, ko tunani ya yi masa yawa, ko ya taɓa jin gara ya kashe kansa. Wanda amsoshinsa suka nuna alamun ciwon damuwa sai a haɗa shi da kaka, su yi zama har sau shida, kowane zama kamar minti 30 zuwa 45.

Abin da ya fi burge ni a cikin shirin shi ne an horar da kakar ta kame bakinta. Ba ta yin wa'azi, ba ta cewa "ki yi haƙuri, haka kowa ta yi", ba ta kuma yanke wa mai magana hukunci. Tana sauraro har matar ta gama zayyana abin da ke cin ranta, sannan ta maimaita mata matsalolin ɗaya bayan ɗaya, ta bar ta ta zaɓi guda ɗaya da za a fara da ita. Idan matar ta ce kuɗin haya ne, ko kuɗin makarantar yaro, ko mijin da ke dukanta, a kan wannan kaɗai za su tsaya, su tsara abin da za ta yi kafin zama na gaba, da wanda za ta tunkara, da ranar da za ta je. Duk wanda ya san yadda ake zaman jego a ƙasar Hausa, inda kaka ko goggo ke tarewa wurin mai jego har a yi arba'in, zai gane cewa muna da masu zama da ita, amma abin da kakar Harare ta koya, wato yin tambaya da jiran amsa, shi ne ya yi ƙaranci.

Mata masu juna biyu da masu goyo su ne suka fi dacewa da irin wannan hidima, domin dole ƙafarsu ta taka asibitin unguwa, ko don awon ciki ko don rigakafin jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin ɗari na masu ciki, da kusan kashi 20 na waɗanda suka haihu, suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawanta ciwon damuwa. Dalilan sukan haɗu ne: saukar sinadaran jiki da sauri bayan haihuwa, rashin barci, talauci, dukan miji, cikin da ba a shirya masa ba, da kuma ciwon damuwa da aka taɓa yi a baya. Ɗan kuka da saurin fushi a kwanakin farko na jego abu ne da yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, uwa ta daina jin daɗin komai, ta daina cin abinci, ta riƙa ganin ba ta cancanci ɗanta ba, to ciwo ne da ke buƙatar magani, ko da dangi sun ɗauke shi a matsayin raki.

Shirin bai tsaya ga yabon baki ba, an gwada shi. A watan Disamba na 2016 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 24 na Harare da mutum 573, mafi yawansu mata, da yawa daga cikinsu kuma suna ɗauke da cutar HIV. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a benci ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali kuwa a cikin waɗanda aka ba kulawar da aka saba adadin ya kai kusan kashi 50.

Duk da haka benci yana da iyaka, kuma masu shirin ba su ɓoye ta ba. Mai jegon da ta fara jin muryoyi, ko ta rikice, ko take maganar cutar da kanta ko jaririnta, tana buƙatar likita a ranar, domin wannan larura ce ta gaggawa da ke samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin haihuwa dubu. Haka nan ciwon damuwa mai tsanani yakan buƙaci ƙwayoyi, akwai kuma irin waɗanda likitoci ke bai wa mai shayarwa, kamar sertraline, waɗanda sai an ɗauki makonni ana sha kafin a ga amfaninsu. Aikin kaka a nan shi ne ta gane haɗarin ta miƙa matar gaba, ingancin hidimar kuwa ya rataya ne a kan ko akwai wanda zai karɓe ta a can. Ina kuma da ja a kan batun sirri, domin zama a fili da dattijuwar unguwarku ba kowace matar aure ce za ta iya ba.

Babban giɓin da na gani ya shafi tsofaffi. A wannan shiri su ne masu ba da magani, waɗanda aka yi gwajin da su kuwa galibi matasa ne da masu matsakaitan shekaru. Ciwon damuwa a jikin tsoho yakan zo da wata siga: ciwon gaɓoɓi da ba a gano tushensa ba, mantuwa, ƙin abinci, farkawa tun kafin asuba, da janye jiki daga mutane, musamman bayan rasuwar abokin zama ko kamuwa da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon suga. Iyali sukan ce tsufa ne kawai, wani lokaci ma a ɗauka ruɗewa ce. Tsohon da gwiwa ta hana shi fita, ko dattijon da ke ganin ƙasƙanci ne ya kai kukansa gaban mace sa'arsa, da wuya ya iso bencin da ke harabar asibiti, sai dai idan kakar ce za ta bi shi har gida.