Ejan-ejan na karatu a ƙasar waje a Zariya: me kuɗinka ke saya?

Daga Samaru zuwa PZ, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga allon da aka jera wa tutocin Ingila, Kanada da Turkiyya ba, an rubuta "gurbi da biza, tabbas". Cikin ofishin ejan ɗin kuwa tebur ne, kwamfuta ɗaya, firinta, sai hotunan jami'o'i manne a bango.

Inda suka ƙware shi ne aikin takarda. Ejan nagari ya san jerin abin da ake nema, yana cike fom ba kuskure, yana tuna maka ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a da wuri, ya kuma kama bambancin suna tsakanin fasfo da takardar WAEC, irin Muhammad a nan, Mohammed a can, kafin ya jawo tsaiko. Wanda bai saba da intanet ba, wannan ya cancanci a biya shi.

Kalmar "tabbas" ɗin ce ƙarya. Jami'a ke ba da gurbi, hukumar ƙasar da za a je ke ba da biza, ejan ba shi da ta cewa a ko ɗaya. Yawancinsu kuma jami'o'in da suke kai wa ɗalibai na biyan su la'ada, shi ya sa za ka ga ana ta tura ka makaranta guda ko ba ta dace da fanninka ba. Tambaye shi kai tsaye wa ke biyansa.

Batun kuɗi ne ya fi cin mutane. Ana ce wa iyaye, "Alhaji, yaron nan da ya sauka zai kama aiki ya riƙe kansa." A Ingila awa 20 kacal a mako aka yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin karatu, abin da da ƙyar ya biya haya da abinci, balle kuɗin makaranta. Kafin a nemi biza ma, sai ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da na zama sun yi kwana 28 a jere a asusu. Idan suka ragu ko na yini ɗaya ne, an hana. Wasu ejan kan ce za su "tanadi" takardar banki. Idan aka gano jabu ce, haramcin shiga na iya kai shekara 10, kuma sunanka ne a kai. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu da ba na bincike ba ba ya tafiya Ingila da mata da yara. Jamus da ake cewa kyauta ce, gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka kulle kuɗin zaman shekara guda a asusu na musamman, Yuro 11,904 a ƙa'idar Satumban 2024.

Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Ingila, da na gwamnatin Turkiyya kyauta ake nemansu a shafukansu. Duk wanda ya ce yana da "gurbi" na sayarwa, tashi ka bar masa kujerarsa.

Abin da kusan babu ofishin da ke ɗagowa shi ne dawowa. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarka kafin bautar ƙasa, kuma a Janairun 2024 ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Wanda ya karanto likitanci sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya (MDCN) kafin ya duba majiyyaci.

In za ka yi hulɗa da su, buɗe imel da kanka ka riƙe lambar sirri, biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun jami'a, karɓi rasit na ladan aikinsu, fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa.