Mezze a Dubai, dim sum a Guangzhou: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce a tafiyarki ta watan Oktoba za ki yada zango a Dubai kafin ki wuce baje kolin Canton a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma a garuruwan biyu abokan kasuwanci za su kai ki inda ake jera ƙananan faranti a tsakiya kowa ya ɗiba. Kina son sanin ko duk abu ɗaya ne, da kuma inda za ki ci hankali kwance. Na zauna a teburin duka biyun, kuma kamannin nasu a ido kawai ya tsaya.

Mezze na mutanen Labanon da Siriya ne, su da muka daɗe da zama da su a Kano. Ana fara kawo masu sanyi: hummus, wato waken Larabawa da aka niƙa da riɗi da lemon tsami da tafarnuwa, sai mutabbal na gasasshen yalo, sai tabbula, yankakken ganye da tumatir da ɓarzajjen alkama. Daga nan masu zafi su biyo, irin su sambusa da kibbe, wato curin niƙaƙƙen nama da ɓarzajjen alkama, da falafil, wanda za ki ce ƙosai ne aka ƙara wa ganye da kayan ƙamshi. Da gurasa ake dangwala komai, da hannu, yadda muka saba. Abin da ke kayar da baƙo shi ne gurasar nan mai ɗumi. Ba a daina kawo ta, mutum ya yi ta ci har cikinsa ya cika, sai ga tiren gasasshen nama ya iso, shi ne kuwa babban abincin. In ku huɗu ne, faranti biyar ko shida da tire ɗaya na gashi sun wadatar. Akwai kibbe nayye da ake yi da ɗanyen nama, ki tambaya kafin ki kai hannu.

Dim sum kuwa abincin safe ne zuwa bayan azahar. Mutanen Guangzhou suna kiran zaman yum cha, wato shan shayi, don shayin ne ke riƙe da hirar. Ana kawo 'yan kwanduna na gora da aka turara abinci a ciki, kowanne da ƙulli uku ko huɗu, a ɗauka da tsinke biyu irin na cin abincin Sinawa. In tsinken ya ba ki wuya, ki nemi cokali, ba wanda zai ga laifinki.

A nan ne nake son ki natsu sosai. A mezze kina ganin abin da za ki ci a fili. A dim sum an naɗe shi cikin fatar fulawa. Siu mai naman alade ne da jatan lande. Char siu bao, farin burodin nan mai taushi, gasasshen alade ne a cikinsa. Har gow, wanda za a ce miki jatan lande ne zalla, sau da yawa ana sa masa kitsen alade don ya yi laushi, kuma ko kayan zaƙin da ake gasawa akan yi ɓawonsu da man alade. Mai masaukinki ba zai ɓoye miki da gangan ba. Shi dai a wurinsa kitse ba nama ba ne, don haka in kin ce ba kya cin alade zai miƙo miki wannan da zuciya ɗaya. Na ga hakan ta faru da abokin tafiyata, ranar kuwa da shayi kaɗai ya tashi.

Mafita ita ce ki faɗa tun kafin ranar, ki roƙi a kai ki gidan abinci mai alamar 清真, wato halal. Musulmin ƙabilar Hui suna yin dim sum da naman sa da kaza, kuma za ki same su a tsohon gari wajen masallacin Huaisheng. A unguwar Xiaobei, inda mutanenmu suka fi sauka, abincin halal ya wadata, sai dai yawanci taliya ce da gashin rago irin na arewa maso yammacin Sin. A Dubai ba ki da wannan fargabar, illa wasu gidajen da ke cikin otal suna sayar da giya.

In an zuba miki shayi a Guangzhou, ki ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan, kuma in butar ta ƙare ki bar murfinta a buɗe, za a ƙaro ruwan zafi. Batun biya, a duka wuraren wanda ya gayyata shi ke biya. In kina son ramawa, ki gayyace su wata ranar, ki zaɓi gidan da kanki.