Gidajen Krisel a Palm Springs: wanne ya kamata ka saya?

Duk Bahaushen da ya zauna a kudancin Kalifoniya kuma ya taɓa leƙa Palm Springs zai ji kamar ya san garin. Hamada ce, tafiyar awa 2 a mota daga Los Angeles, ga dabino, ga rana mai dukan tsakiyar ka irin ta Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu. A watan Yulin 2024 zafin garin ya kai digiri 51. Mutane na tururuwa can saboda gidajen da aka gina tsakanin shekarun 1950 da 1960, kuma mafi yawan waɗanda mai matsakaicin ƙarfi zai iya tunkara zanen mutum ɗaya ne, William Krisel, tare da abokin aikinsa Dan Palmer. Kamfanin iyalan Alexander ne ya gina su, gidaje fiye da 2,000, kafin hatsarin jirgin sama na 1965 ya hallaka masu kamfanin. Wani ɗan'uwa ya tambaye ni wanne zai saya a cikinsu, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani.

Zaɓin farko shi ne gidan da bai sha gyara ba. A unguwar Twin Palms, wadda aka fara a 1956, gidaje kusan 90 ne, kowanne an dasa masa dogayen itatuwa biyu dangin giginya, daga nan sunan ya fito, wato tagwayen giginya. Dabarar Krisel ita ce tsarin ciki ɗaya ne, sai ya juya shi a kan fili, ya sauya rufi: wannan shimfiɗaɗɗe, wancan mai doro, wani kuma mai fukafukin malam-buɗe-littafi, gefe biyu sun ɗaga sama, tsakiya ta lotsa. Kana tafiya a layin ba za ka ce gida ɗaya aka maimaita ba.

Abin da ya fi burge ni a gidan nan, kuma na san zai burge duk wanda ya tashi a gida mai zaure, shi ne yadda ya juya wa titi baya. Ta gaba bango ne, tagogin suna can sama dab da rufi, haske na shiga amma mai wucewa ba ya ganin iyalinka. Gilashin duk yana ta baya, yana kallon tsakar gida da wurin ninkaya da duwatsun San Jacinto. Tsakanin rumfar mota da gidan akwai wani ɗan lungu buɗaɗɗe da iska ke ratsawa. Na tsaya a irinsa da la'asar, iska na kaɗawa ta cikin bulo mai huji-huji, inuwar hujin ta zubo a daɓe kamar zanen tabarma. A nan za ka shimfiɗa wa baƙo darduma ba tare da ya ratsa falo ba.

Sai dai ka shiga da idonka a buɗe. An gina gidajen ne domin masu zuwa hutun hunturu, ba domin mai zama shekara cur ba. Ɗaga kai ka duba: katakon da kake gani a sama shi ne silin, shi ne kuma ƙasan rufin, babu wani sarari tsakani da zai tare zafi. Gilashin asali falle ɗaya ne. A watan Agusta na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki dare da rana, takardar kuɗin wuta kuma ta nuna maka. Maganin da aka saba shi ne a fesa kumfa mai tauri a saman rufin a shafe ta da farin fenti, ta tare zafi ba tare da an rufe katakon ciki ba. Shi kuwa rufin malam-buɗe-littafi, duk ruwan sama a tsakiya yake taruwa. Wanda ya san abin da toshewar indararo ke yi wa soro ya san sauran labarin. Ruwa ba shi da yawa a garin, amma idan ya zo yakan zo da ƙarfi. Ka sa a hau rufin, ka duba katakon tsakiya ko akwai tabon jiƙa. Haka nan bututun ruwa da na bahaya da akwatin wutar lantarki, in na asali ne sun haura shekara 60. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma dokar Amurka ta wajabta wa mai sayarwa ya sanar da kai batun fenti mai dalma, wannan ya shafi mai ƙananan yara kai tsaye.

Zaɓi na biyu shi ne wanda aka riga aka gyara, kuma a nan ne aka fi yin kitso da ƙwarƙwata. Gyara iri biyu ne. Akwai wanda ya kashe kuɗinsa a abin da ido ba ya gani: rufi, bututu, waya, gilashi mai falle biyu a cikin siririn firam irin na da. Wannan gidan ko da tsada ya cancanci kuɗinsa. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya saya domin ya juya cikin wata shida. Ya fenta ƙofa da ruwan lemo, ya sa sabon kicin mai ƙyalli, ya toshe lungun iskar nan ya mai da shi ɗaki na huɗu, ya rufe rumfar mota ta zama gareji. Na shiga wani irinsa a bara. Dillali na ta yabon tayil, ni kuwa na lura an saukar da silin an rufe tagogin sama domin a ɓoye bututun sanyi, falon ya yi duhu da tsakar rana, sai an kunna fitila. An ƙara faɗi, an kashe abin da ya sa gidan ya zama na Krisel. Ka nemi takardun izinin gini daga ofishin birni kan kowane ƙari da aka yi. In babu su, kai za ka gaji matsalar.

Unguwar Racquet Club Road Estates, wadda aka fara a 1959, ita ma zanen Krisel ce, amma gidajenta sun fi na Twin Palms ƙanƙanta da sauƙin farashi. Tana arewacin gari ne, inda iskar da ke fitowa ta mashigar San Gorgonio ke kaɗawa da yashi. Ka je da yamma a watan Afrilu ko Mayu ka ji da kanka kafin ka yanke shawara.

Na uku, ɗaki a ginin da aka sauya daga otal zuwa gidajen zama. Misalinsa Ocotillo Lodge, otal ɗin da Palmer da Krisel suka zana aka buɗe a 1957 a bakin Twin Palms, wanda daga baya aka rarraba ɗakunansa fiye da 100 aka sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Shi ne hanya mafi araha ta mallakar zanen Krisel. Rufi da harabar waje da babban wurin ninkaya duk ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da su, kai kuwa kana biyan kuɗin wata-wata. Ga wanda ba shi da iyali, ko mai son wurin hutawa a ƙarshen mako, ya yi. Amma ɗakin otal ɗakin otal ne ko an sauya masa suna: kicin ɗan ƙarami, wurin ajiya kaɗan, bango ɗaya da maƙwabci. Matar gida da ke son ta soya manja da daddawa ta tara 'yan'uwa ranar Sallah za ta takura. Wurin ninkayar ma na kowa ne, da irin shigar da aka sani, wannan kuma kowa ya san iyakarsa. Kafin ka sa hannu ka karanta dokokin ƙungiyar, ka tambayi nawa ke cikin asusun gyaransu. Tsohon gini ne, ranar da rufi ya buƙaci sauyi in asusun ba kuɗi kowa za a yanka wa nasa kaso.

Za ka ji ana maganar gidajen ƙarfe na Donald Wexler, wanda ya zana filin jirgin saman garin. An yi niyyar gina 38 a farkon shekarun 1960, farashin ƙarfe ya tashi, aka tsaya a 7. Ba su cika fitowa kasuwa ba, kuma an sa su cikin gine-ginen tarihi, don haka ka je ka kalle su kawai.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, ita ce ta ƙasar da gidan ke kai. Taswirar Palm Springs kamar gidan dara take. A ƙarni na 19 gwamnati ta ba kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific murabba'in mil ɗaya, ta bar wa ƙabilar Agua Caliente, 'yan asalin yankin, na kusa da shi, haka a jere. Tun 1959 doka ta yarda a ba da hayar filayen ƙabilar har zuwa shekara 99. Saboda haka gida biyu masu kama ɗaya, wani ka mallaki ƙasarsa, wani ginin kaɗai ka saya kana biyan hayar fili. Na hayan yakan fi araha a farko, kuma ba aibu ba ne, dubban mutane na zaune a haka lafiya. Amma ka tambayi shekarar da yarjejeniyar za ta ƙare da yadda kuɗin hayar ke ƙaruwa. In shekarun da suka rage kaɗan ne, masu ba da kuɗin sayen gida kan ja baya, mai saye daga hannunka ma zai ja baya, ga kuma batun abin da za ka bar wa magada.

Da ni ne mai kuɗin, kuma da iyali zan zauna, gidan da ba a taɓa tsarinsa ba zan nema, a kan ƙasar da zan mallaka, ko da kicin ɗinsa ya tsufa, in ware kuɗin rufi da bututu tun daga farko. Idan birni ya amince ya sa gidan cikin na tarihi, dokar Mills ta Kalifoniya ta 1972 na iya rage maka harajin gida, bisa yarjejeniyar shekara 10 cewa za ka kula da shi yadda yake. Ɗan'uwan da ya tambaye ni na ce masa ya bar zuwa a watan Fabrairu, lokacin bikin gine-ginen zamani da garin ke cika da baƙi kuma iska ke da daɗi. Ya je a watan Yuli, da ƙarfe 3 na rana, ya roƙi dillali ya kashe na'urar sanyi na minti 20, ya tsaya a tsakiyar falon.